Tarwaɗar da Na Kamo a Makka

Ba zan taɓa mantawa da yinin da na shiga su a tsakiyar garin Makka ba. Da ana mayar da magana cikin baki, akwai wata guda da na furta a gaban tukubar tsiren Baba Manu wadda zan so in haɗiye abata, ko da za ta maƙale mini a wuya. To, ba a mayarwa.

Abin da ya tono mini labarin nan talabijin ne. Kwanan baya ina kishingiɗe a gidanmu na unguwar Utaibiyya, nan Makka, aka nuno wani kifi na ƙasashen sanyi, wai shi salmon, wanda duk shekara yake baro teku ya hau kogi yana tsallake duwatsu, don ya je ya zuba ƙwai inda aka ƙyanƙyashe shi. Mutane sun jeru a gaɓa da sandunan ƙugiya don nishaɗi kawai (har na ga wani ya kama ya sumbace shi ya mayar ruwa, Allah Ya shirye shi), mai bayani kuma yana kukan kifin ya ragu. Na yi dariya har na ƙware, don na tuna ni ma na taɓa jiran hawan kifi a inda ba a jiransa.

Ni mutumin Yawuri ne, ɗan masunta. A wajenmu idan damina ta kankama, kogi ya yi ja ya fara malala cikin fadama, sai kifi ya taso ya bi sabon ruwa. Tarwaɗa ce kan gaba. Za ka ji ta tana fal-fal cikin ciyawa, har gonar shinkafa take shiga. Idan ruwa ya ja baya kuma sai a buga gangar su, gari duka ya faɗa tafki, mai homa da homarsa, marar homa da hannunsa, ana ihu ana tsokanar juna. Alhazan da ke zuwa yanzu suna ce mini abin ya ja baya, an tare ruwa ta can sama, taru mai ƙananan idanu kuma ya kwashe har 'ya'yan kifin. Allah Ya kyauta. A zamaninmu ko busasshen tafki ba ma raina shi, don mun san gaiwa tana kwance a ƙarƙashin laka tana barci, ruwa kawai take jira ta farka. Ku riƙe zancen gaiwar nan, ita ta kai ni ta baro.

Na iso Makka bayan yaƙin duniya na biyu da kaɗan, a ƙafa, ta Chadi da Sudan. Da aka gama aikin hajji ban koma ba. Na samu bukkar gwangwani a gefen dutse saman unguwar Misfala, na kama sana'ar ga-ruwa: in ɗebo a bazan, wato tankin unguwa, in rataya garwa biyu a sanda in bi gidaje. Da yamma mutanenmu kan taru wajen Baba Manu mai tsire, dattijo daga Argungu wanda ya baro gida tun yana saurayi. A nan ne bakina ya samu fili. Kowane kifi na ba da labarinsa, washegari sai ya ƙara tsawo. Akwai wani giwan ruwa da ya fara da tsawon hannu, kafin azumi ya kai sai jakai biyu ke ɗaukarsa.

Baba Manu yana da 'ya, Zulai. Ni ke kai ruwa gidansu, kuma ban san yadda aka yi ba, randar gidan ba ta taɓa cika a zuwa ɗaya. Na tura manya suka nema mini aurenta. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya ce shi ne, "Yaron nan na ji bakinai, hannunai ne ban gani ba." Ga kuma wani tela mai keken ɗinki yana ta safa da marwa a ƙofar gidan, shiru-shiru, kullum cikin farar riga. Duk unguwa ta san in ban nuna wani abin kirki ba, tela zai yi gaba da ita.

Wata rana da la'asar Baba yana juya tsire sai ya yi ajiyar zuciya ya ce tun barinsa gida bai ƙara sa ɗanyar tarwaɗa a bakinsa ba. Kifin Jidda da ake kawowa bisa raƙuma, in ji shi, gishiri ne kawai da ƙaya. Ni kuma dama na ji ana cewa lokacin sanyi akan yi saili, ruwan sama ya gangaro daga duwatsu ya bi ta Misfala kamar kogi. Sai na miƙe tsaye (da ma a zaune na faɗa, da da sauƙi) na ce, "Baba, ranar da saili ya zo, ni zan kawo maka tarwaɗa da ranta, in aje ta a gaban ƙafarka."

Bakur, yayan Zulai, haihuwar Makka ne, rabin maganarsa Larabci. Ya ce, "Ya shaikh, wane kifi? Ruwan nan daga kan dutse yake zuwa. Ma fi samak, wallahi babu ko ɗaya."

Na dube shi da tausayi na ce, "Bakur, kai da ka girma kana sayen ruwa a garwa, mi ka sani ga sha'anin kogi? Inda duk ruwa ya saba bi, akwai mai barci ƙarƙashin ƙasa. Sabon ruwa shi ka tashe su."

Baba Manu ya dai dube ni, ya ci gaba da barbaɗa ƙuli.

Ban ɗauki abin da wasa ba. Na warware zaren buhu na saƙa homa, na lanƙwasa zarɓar dabino na yi mata baki. Babban gora irin wanda muke hawa a ruwa babu shi a Makka, sai na ɗauki garwa ɗaya na liƙe bakinta da kwalta. Har wajen wani malami na je na tambaya ko ya halatta a kama kifi a cikin hurumin Makka, tunda an hana farauta. Malam ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Je ka kamo tukuna, sai mu buɗe littafi." Ni a lokacin na ɗauka izini ne.

Daga nan na zama mai duban sama. Mutane suna roƙon Allah Ya kawo ruwa da sauƙi, ni ina roƙon Ya kawo shi da yawa (Allah Ya yafe mini wannan).

Ranar kuwa ta zo. Bayan azahar sama ta yi baƙi ta wajen Arfa, aka tsuge da ruwa kamar ana juye randa. Kafin la'asar sai ga kuwwa, "Saili! Saili!" Kowa yana kwasar tabarma da yara yana hawa dutse, ni kaɗai nake gangarawa, da homa a kafaɗa, garwa a hammata, na naɗe wando har cinya. Bakur ya biyo ni yana zagina da harsuna biyu. Da ya ga ba zan juyo ba, sai ya ɗaura mini igiya a ƙugu ya riƙe ɗaya bakin, ya ce, "Ba don kai ba, don kada Zulai ta ce na tsaya ina kallo."

Ban shiga tsakiyar ruwan ba, haukata ba ta kai nan ba. Na jira ƙarfinsa ya ragu, na zaɓi wani lungu inda ya yi kwana ya taru, irin wurin da tarwaɗa ke so. Kafin in shiga labari ya zaga unguwa. Maza sun cika gefen dutse, mata sun hau rufin gidaje, Zulai na cikinsu. Tela ma ya zo da lema. Baba Manu ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna daf da bakin ruwa cikin farar rigarsa ta Juma'a.

Na yi bismilla na faɗa. Garwa ta juye da ni nan take, na sha ruwan laka, na taso ina tari. Na jefa homa na ɗago: takalmi ƙafa ɗaya. Na sake: murfin tukunya. Aka fara dariya sama-sama.

Can sai wani abu ya goge ni a cinya. Santsi, sanyi, nauyi. Duk wanda ya taɓa su ya san wannan taɓawar. Na saki homa na nutsa na rungume shi. Ya zille, na sake cafkewa. Ina matsa nan yana kumbura can, yana motsi a ƙirjina kamar mai rai. Na lalubo wani abu kamar ƙayar gefe, na ce lallai uwar tarwaɗa ce. Na taso da kai na kwarma ihu, "Bakur, ja! Ta kamu!"

Dariya ta ɗauke. Na ji wata mata daga kan rufi tana cewa, "La ilaha illallahu, ashe da gaske yake!" Na naɗe abin cikin homa tun a ƙarƙashin ruwa, na saɓa a kafaɗa. Laka ta rufe mini ido, ban ganin komai sai farin rigar Baba. A al'adarmu kifin farko na sabon ruwa ba a tsayawa dubansa, gaban babba ake kai shi da kirari. Na fito ina tangaɗi ina yi wa kaina: "Sai ni ɗan Sarkawa, mai kwana a gora! Na shiga da hannu, na fito da nama! Ruwan Yawuri ya san ni, yau na Makka ya gaishe ni!"

Na durƙusa na dire ta a gaban Baba. Ta yi wani motsi, sai na ce bari in kwantar da ita kada ta buge dattijo. Na dunƙule hannu na kai mata duka a ka, da iyakar ƙarfina.

Ɗaurin bakinta ya ɓalle. Ruwa ya yi tsartuwa ya wanke Baba Manu tun daga gemu har cinya.

Na share laka daga idona na duba. Salka ce. Baƙar salkar fatar akuya, cike da ruwa, da 'yan ƙafafunta huɗu a sama. Ni da nake sana'ar ruwa, nake ganin irinta kullum a rataye a ƙofar kowane gida.

Baba ya dubi rigarsa, ya dubi salka, ya dube ni. Sannan ya ce a hankali, "To, Sarkin Ruwa. Gasa ta za mu yi, ko miya?"

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Bakur ya saki igiya ya kwanta a ƙasa. Wani dattijo sai da aka riƙe shi kada ya gangaro daga dutse. Ina durƙushe ina fatan saili ya dawo ya tafi da ni, sai ga wata tsohuwa Balarabiya ta ratso taro tana cewa, "Girbati! Hadi girbati!" wato salkarta ce. Ta rungume abarta, ta dafa kaina tana sa mini albarka. Ta juya ta shaida wa mutane cewa ga wani Takaruru (haka suke kiran mutanen ƙasashenmu) yana tsamo kayan da ruwa ya ci.

Shi ke nan, aka yi mini caa. "Ya waladi, butata!" "Ɗan'uwa, duba mini turmina!" Tunda ba ni da fuskar da zan ɗaga in dubi rufin da Zulai take, sai na koma ruwa, can ya fi mini sauƙi. Har rana ta yi ja ina su. Na kamo butoci, na kamo akushi, na kamo darduma, na kamo ɗan akuya da ransa yana atishawa. Duk abin da na ɗago sai yara da manya su ɗauki kirarina su maimaita. Tun ina jin kunya har na shiga yi tare da su. Tela kuwa yana nan tsaye da lemarsa, ko tafin ƙafarsa bai jiƙe ba.

Kwana biyu ban kai ruwa gidan Baba ba. A na gaba Bakur ya zo ya ce ana kirana. Na tafi ina jan ƙafa, na tsuguna nesa da tukuba, na ce, "Baba, na zo neman gafara. Na yi alkawari ban cika ba, na kuma ɓata maka riga."

Ya ce, "Riga ta bushe. Kifi kuwa, tun ranar da kac ce za ka kamo na san babu shi. Ni ma ɗan bakin gulbi ne, shekarata ta farko nan sai da na tona ƙasa neman gaiwa." Ya yi dariya, sannan ya goge ido da gefen rawani. "Amma kirarin nan naka, rabona da jin irinai tun ina gaban mahaifina. Ka kai ni gida ka maido. Kuma ka ce za ka shiga, ka shiga. Wauta gare ka, ba ƙarya ba, ita ko wauta aure na rage ta. Turo manyanka."

Aka ɗaura aure bayan hajjin shekarar. A walima kifin Jidda aka ci, mai gishiri da ƙaya, kuma duk wanda ya ɗauki yanka sai ya tambaye ni ko a Misfala na kamo. Zulai kuwa har yau in na fara ba baƙi labari ya soma tsawo, sai ta aje mini kofin ruwa a gabana ta wuce. Nan take labarin ke komawa girmansa na gaskiya.

Abin da na koya shi ne, ba kowane ruwa ne kogin garinku ba, kuma in ɗan gari ya ce maka babu, tambaye shi dalili kafin ka miƙe tsaye. Saili ba abin wasa ba ne, ya ci mutanen da suka fi ni iya ruwa, don haka kada wani ya ce zai gwada abin da na yi.

Sai roƙo ɗaya. Sunan nan na Sarkin Ruwa ya bi ni, alhazai suka ji ana kirana da shi suka kai gida. Har yanzu dangina na Yawuri suna aiko da gaisuwa ga Sarkin Ruwan Makka, sun ɗauka naɗa ni aka yi. Don Allah, wanda ya karanta wannan ya bar shi a cikinsa. In kun je Yawuri aka tambaye ku, ku ce Sarki yana lafiya.