Ranar da Na Tara Malamai Su Ji Wa'azin Hanta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran labarai, da Juma'ar da na tara malaman Madarunfa a filin lakwal, wato makarantar boko, don su saurari wa'azi, aka ɗaga musu hoton hanta.

A garinmu Mushe ake ce mini, wato "malam" da Faransanci. Karatuna bai wuce firamare ba, amma shekarun da na yi a Ɗan Issa, kan iyaka, ina tsaya wa direbobin manyan motoci gaban 'yan duwan, wato kwastan, sun ba ni wani Faransanci mai kauri, wanda nake jin ko a Yamai na buɗe baki sai an miƙo mini kujera. (Matata takan tuna mini cewa mushe yana da wata ma'ana a Hausa. Ba na kula ta.)

Shi kuwa Lawali ɗan kawuna ne, taubashina, tare muka tashi muna kamun kifi a bakin tabki. Ni na tsaya, shi ya yi ta karatu kamar an aike shi. Ya zama likita, ya fita waje, ya dawo yana koyarwa a jami'a, har aka ce ya zama farfesa. In an tambaye ni me yake yi takamaimai, sai in gyara hula in ce, "Bincike." Iyakar sanina ke nan.

Wata rana muna fada, majalisarmu ta hira, ana shan shayi, sai ga kiransa. Da Hausa ya fara, tsaf: "Bawana, kana lahiya?" Ni kuwa da na ga jama'a sun kasa kunne, sai na ƙara wa wayar murya na amsa da Faransanci. Ya yi dariya ya biye mini. Ya ce zai zo gida Juma'a ta sama, yana so in tara masa mutane, musamman manyan maza, don su ne ba sa zuwa in an kira irin wannan taro. Zai yi magana a kan "maladi di fuwa" da magungunan da ake sha.

To, ni na san fuwa. A bakin 'yan duwan na koye ta: in sun ce direba ba shi da "bon fuwa", suna nufin ba shi da imani. Maladi kuwa ko jariri ya san cuta ce. Cututtukan imani ke nan! Na tuna Lawali ya sauke Alƙur'ani tun muna yara, bara ya je Makka, kuma a hotonsa na ƙarshe ya tara gemu. Na ce Allahu Akbar, ashe boko bai cinye mana shi ba. Abin da ban sani ba shi ne, a wannan harshe na 'yan wahala, hanta ma fuwa ce. Bambancinsu wani ɗan harafi ne a wutsiya, wanda ake rubutawa amma ba a faɗa.

Na tashi haiƙan. Na je wurin Liman da kaina na durƙusa. Na hau babur zuwa garuruwan Safo da Sarkin Yamma na gayyato malamai. Na ɗauko lasifika, aka shimfiɗa tabarmi, na sa aka ajiye wa baƙo buzu da darduma. Bayan la'asar filin ya cika maƙil, dattawa a gaba kowa da carbinsa, mata a baya. Daɗi ya kama ni har ina jin rigata ta yi mini kaɗan.

Lawali ya iso da ma'aikatan jinya biyu, da akwatin sanyi, da wani allo a naɗe. Da ya ga taron sai idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannuna ya ce, "Bawana, mi ka hwaɗa masu suka zo haka?" Na ce, "Sirrin aiki ne." Na ɗauki lasifika na gabatar da shi a matsayin Ash-Shaikh Farfesa, wanda ya ƙware a kan cututtukan imani da magungunansu. Na ga ya waigo ya dube ni, na ɗauka tawali'u ne.

Kafin ya buɗe baki, wani tsoho daga Safo ya ɗaga hannu.

"Allah shi gafarta Malam, ni da na kabbarta salla sai shaiɗan shi kawo mani tunanin wakena da ke gona. Mi ne maganin wanga?"

Lawali ya ce, "Baba, wanga sai Liman." Ya warware allonsa. Ga wani abu ja, ƙato, mai sheƙi, ya cika allon.

Kowa ya zuba wa allon ido. Can sai Sarkin Fawa ya ce da ƙarfi, "Kai, wagga ai hanta ce! Ta sa ce ko ta raƙumi?"

"Ta mutum ce," in ji Lawali. "Ni likitan hanta ne."

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Lawali ya dube ni, ya dubi buzu, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya gane. Ya bayyana wa mutane zancen fuwa biyu, filin ya ɗauki dariya, Liman ya rufe baki da gefen rawani. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Dattawa suka fara kaɗe riguna suna neman takalma, wani yana cewa shi wa'azi ya zo ji, ba a tara shi don a tsotse masa jini ba.

Nan Lawali ya daina dariya. Ya ce, "Ku tsaya ku ji ɗaya. Kun tuna yadda babana ya rasu, cikinai ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, aka ce sammu ne? Hanta ce. Cutar takan daɗe cikin mutum bai sani ba. Shi ya sa na yi wanga karatu. Rabin aikina duba masu ciwon, rabi kuma auna magani kahin a bari a sayar ma jama'a, don wani maganin shi ka kashe hantar. Ɗigon jini guda daga yatsa nike roƙo."

Kawuna ke nan yake faɗa, mutumin da ya saya mini wandon lakwal na farko. Na ji abin har cikin raina. Ga mutane suna ta zamewa, kuma ni na jawo. Ban san lokacin da na yi tsalle na ce, "Ni za a fara wa!" ba.

Sai dai akwai matsala: ina tsoron allura fiye da yadda nake tsoron duwan. Ma'aikaciyar ta kama yatsana, na kau da kai, ta ɗan tsira. Na kurma, "Wayyo Inna!" Na manta lasifika tana hannuna. An ce har masunta a bakin tabki sun ji.

Wanda ya sa takalmi ya cire don ya zauna ya yi dariya da kyau. Liman ya share hawaye, ya miƙe, ya naɗe hannun riga ya ce, "Jiki amana ne, kula da shi ma ibada ce. In Mushe ya rayu, mu ma za mu rayu." Ya miƙa yatsa. Da Liman ya yi, wa zai ƙi? Har aka kira magariba ana layi, Sarkin Fawa yana ciki yana ta tambaya ko tasa hantar ta kai ta allo girma.

An samu waɗanda ke ɗauke da cutar ba su sani ba. Lawali ya gaya wa kowa nasa a keɓe, ya haɗa su da asibiti a Maradi. Ni dai tawa lafiya lau, amma ya ƙwace kafso ɗin nan ja da rawaya da nake saya wurin masu talla a faranti in na gaji, ya ce tun da yake auna magani bai taɓa ganin takardar izinin wannan ba.

Da zai tafi ya rungume ni ya ce duk yawonsa bai taɓa samun taron maza irin wannan ba, kuma baɗi Safo za mu. Ya shiga mota, ya sauke gilashi ya ce, "Amma bawana, da Hausa za mu shirya."

Tun daga ranar sunan Mushe ya mutu, Shehun Hanta ake ce mini, har matata. Na karɓa, don akwai mutanen da nake gaisawa da su a kasuwa yau waɗanda rashin jin Faransancina ne ya kai su asibiti da wuri. Amma na ɗauki darasi: in ɗan'uwanka ya ce maka "kana lahiya?", ka ce "lahiya lau" ka yi shiru.