Gaisuwar Suruki Daga Sama

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da Illa direba ya yi mini a Cadawa, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin sojoji na shirin miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da motocin kamfe, mu kuma muna ginin wata babbar mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, a bakin kasuwa. Ɗan kwangila ya kawo mana wata mota daga Maraɗi mai dogon hannu da ke miƙewa yana shigewa cikin kansa, da ƙarafa biyu a baki da take ɗaukar bulo da kwano ta kai sama. Illa ke tuƙa ta, yana hura hanci sai ka ce shi ya ƙera ta.

A lokacin matata Hadiza ta yi yaji (laifina ne, zaman banza ya yi mini yawa). Na yi biko har na gaji. Mahaifinta, Malam Ɗan Juma, ya ce ba zai ba ni ita ba sai ya ga da idonsa cewa na kama aiki, kuma zai shigo daga ƙauye ranar kasuwa.

Ranar na ce wa Illa ya ɗaga ni da motar a kan katakon da ake ɗora bulo in kama bakin kwano. An hana ɗaukar mutum a kai, na sani, amma ina so tsoho ya tarar da ni inda manyan magina suke. Ya kai ni can ƙololuwa. Sai ga motar kamfe ana watsa riguna da atamfa. Wannan marar mutunci ya kashe inji, ya zare makulli, ya bi ta a guje. Na yi ta kwala masa kira, ko waiwaye.

Ina nan rana na gasa ni, 'yan kasuwa sun taru suna kallo, sai ga Malam Ɗan Juma da rawaninsa ya tsaya daidai ƙarƙashina.

"Wane ne wancan bisa?" in ji shi.

"Surukinka ne, Malam," wata mai fura ta ba shi amsa (Allah ya isa tsakanina da ita ma).

To, mu a wurinmu ba a gaida suruki a tsaye, ba a gaishe shi da takalmi. Jikina bai yi shawara da ni ba. Na durƙusa a kan katako, na tuɓe takalmi, na ce, "Baba, ina wuni?" Ƙafa ɗaya ta takalmin ta zame. Ina kallon ta tana juyi a iska har ta sauka tim a kan rawaninsa, da laka da siminti.

Kasuwa ta fashe da dariya. Tsoho ya gyara rawani, ya ɗago kai.

"Na gani, kana aiki," ya ce. "Amma ɗiyata ba ta zama da wanda ya jehe ni gaban mutane."

Sai da dattawan unguwarmu suka yi ta sintiri da goro har bayan girbi kafin Hadiza ta dawo. Illa kuwa a ranar ya dawo ya sauke ni, riƙe da riga ɗaya, wadda ko wuyansa ba ta shiga ba, yana tambayata wai me ya sa na ɓata rai.

Abin da na koya shi ne ladabi ma da muhallinsa. In ka ga surukinka kana sama, yi kamar ba ka gan shi ba har ka sauko.