Yadda Za Ka Hana Bindiga Tsatsa a Soro Mai Yoyo

Kai maharbi, matso kusa. Ni Furera, shekara talatin ina zaune da mijina Badaru da bindigarsa a wani ƙauye bayan Bagwai. Ban yi boko ba, amma bi abin da zan gaya maka, wallahi damina za ta wuce bindigarka tana ƙyalli. Da idona na ga an yi.

1. Nemi busasshen wuri

In soronku na yoyo irin namu, duba kusurwar da ruwa ba ya taɓawa. Ɗaya ce tak, nan gadon matarka yake. Kwantar da bindiga a kai. Matar ta koma tabarma kusa da kwanon tarar ruwa. In ta fara tari, ce mata, "Ke Furera, mutum in ya jiƙe bushewa yake yi. Ƙarfe fa?"

2. Mai

A shekarun nan da miya ba ta ganin mai sai Juma'a, kada ka wahalar da kanka zuwa kanti. Jira ta tafi rijiya, ka tsiyaye ɗan man gyaɗan da ta ɓoye bayan randa. Shafa ciki da waje. In ta tambaya, ce kyankyaso ne. Kyankyason gidan maharbi yana buɗe murfi, ya sha, ya mayar ya rufe.

3. Abin gogewa

Tsumma raini ne ga ƙarfe. Yagi gefen zanen da take zuwa suna da shi.

4. Kada ka harba

Hayaƙin albarushi shi ne uwar tsatsa. Kuma me za ka harba? Daga nan har Shanono gona ce ke bin gona. Naman ƙarshe da Badaru ya shigo da shi gafiya ce, ita ma kare ne ya kama.

5. In ta ce ka hau ka yaɓe rufin

Nuna mata yatsanka, ka ce hannun da ke jan kunamar bindiga ba ya taɓa laka.

6. In ta kai ƙara

Tafi da bindigar gaban mai unguwa. Ni da na kai tawa ƙarar, mai unguwa Malam Iliyasu ya karɓi bindigar yana jujjuyawa, ya ce, "Kai, Badaru! Wannan kamar yau aka ƙera ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa tari ne ya kawo ni."

Ya ce, "Ki sha citta, Inna."

Gargaɗi

Na yi alkawarin ƙyalli, ban yi alkawarin bindigar za ta zauna inda ka ajiye ta ba. Mace mai tari tana iya gano cewa indararo ne ya karye, shi ya sa ruwa ke kwanciya a rufi. Tana iya jira ka tafi kasuwar Makoda, ta kai wa Muntaka maƙeri, ya cire ƙota ya buɗe gindin bututun. In ka dawo ka ga bindigarka a saman soro tana tsartuwar ruwa cikin lungu, ba ruwan Furera.

Tamu kwana tara ke nan tana aiki. Ɗaki ya bushe, na koma gadona. Badaru yana tsakar gida yana kallon sama yana salati. Na gaya masa: mai son bindigarsa ya kawo sabon indararo, a yi musanya.