Rasuwar Aduke, Lasifikar Hagu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Akanni Fadeyi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mazaunin Oke-Ado a Ibadan, a madadin iyalina da duk masu kunnen jin kiɗa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar lasifikata ta hagu, wadda aka fi sani da Aduke. Ta cika ranar Litinin da hantsi a falona, bayan gajeriyar jinyar kumburi.

Marigayiyar ta shigo gidan nan tare da abokiyar tagwaitakarta, Abeke, tun ina sabon ango. Wani ɗan kasuwa a Dugbe ne ya damƙa min su, ya dafa ƙirji ya ce katakon madaci ne zalla daga sama har ƙasa, kuma bishiya guda aka sare domin su biyun. Tsayinta ya kai ƙugun namiji. Jikinta ja ne mai duhu kamar manjan da ya kwanta a kwalba, da zanen itace mai gudu kamar ruwa. Kowace Asabar nakan shafa mata mai da farar singileti. Ba a taɓa ɗora mata kofi a ka ba, in ban da wani baƙo guda, wanda bai sake samun takardar gayyata daga gidan nan ba.

Mai haƙuri ce. In an ɗauke wuta sai ta yi shiru, babu ƙorafi. In an kawo, takan yi gyaran murya, "hummm", kamar dattijuwar da za ta raba gardama. Idan kalangu ya yi magana ta bakinta, "dum, dudum, dum", gilasan kabad sukan amsa, tsofaffin da gwiwa ta hana tsayuwa su yi rawa da kafaɗa. Wani mai tara kayan da ya taɓa tasowa daga Legas domin ya saye ta. Na ba shi ruwa ya sha, na nuna masa hanyar tasha.

Duk tsawon rayuwarta mutum ɗaya ne ya ƙi ba ta girmanta: aminina Lasisi Adegbite, wanda muka yi aiki tare. Shi nasa lasifikun baƙaƙen akwatunan roba ne, masu ƙyafta shuɗiyar fitila kamar motar 'yan sanda. Duk Lahadi yakan zo ya ci amalata, ya jingina, ya ce, "Akanni, kunne ke cin kiɗa, ba ido ba. Wannan kabad ɗin da kake bauta wa, me ƙyallinsa ya ƙara wa ganga?"

Nakan ce, "Amala ma baki ke cin ta, mutumina. Me ya hana ka ci a bokitin wanka?"

Ciwon ajalin ya kama ta ne ranar bikin cikar matata, Iya Gbemi, shekara saba'in. An kafa rumfa a ƙofar gida, an yanka sa, Lasisi ya kawo robobinsa suna ta haushi. Na bar masa filin, domin Aduke ba 'yar titi ba ce, ba ta taɓa taka waje ba. Sai wata ƙawar matata ta zo wucewa tana rawa, ta ce, "Baba Gbemi, ashe abokinka ne mai kayan sauti na gaske!"

Nan take na kira surukina Gbolahan na ce ya fito da tagwayen.

Iya Gbemi ta kama hannun rigata. "Baba Gbemi, ɗaga kai ka ga hadari. Bikina ne ko gasar tsofaffi?"

Na ce, "Madaci ne, Iya Gbemi. Da shi ake sassaƙa kwale-kwale."

Waɗanda suka halarta shaida ne cewa a ranar Aduke ta yi waƙar da ba ta taɓa yi ba. Masu wucewa a acaba suka tsaya. Mata suka tuɓe takalma. Lasisi da hannunsa ya kashe robobinsa, ya zauna ya naɗe hannu. A daidai wannan ɗaukaka ruwa ya tsinke.

Ba zan ambaci sunaye ba, amma duniya ta ga inda kowa ya nufa: tukwanen dafa-duka da na nama. Gbolahan ya sungumi Abeke ya shige. Ni na rungumi Aduke, bayana ya ce bai san zancen ba. Rumfar da ta cika ciki da ruwa ta yage a daidai kanmu. Kalmominta na ƙarshe, ina riƙe da ita, su ne: "dum... fffft... kwak."

An yi iya ƙoƙari. An sa mata fanka, an shanya ta a rana, 'yata Gbemi ta kawo na'urar busar da gashi. Amma ta ci gaba da kumbura kamar garin rogo a ruwa. Ranar Litinin na ɗauki singileti zan goge mata goshi, sai fatarta ta biyo hannuna. Takarda ce, mai hoton itace. A ƙarƙashinta kuwa garin katako ne da aka dama da gam.

Iya Gbemi ta leƙa, ta ɗebo kaɗan ta murza. "Baba Gbemi, wannan kwale-kwalen naka ai dusa ce. In zuba wa kaji?"

Iyalin marigayiyar, wato ni, na ɗaukar wannan a matsayin aikin cuta. Kowa ya san ciwo na sauya jiki. Masu yawo da maganar a kasuwa su tuna ba a tona asirin mamaci.

Da yamma Lasisi ya zo ta'aziyya. Na shirya wa dariyarsa, amma sai ya cire hula ya zauna gaban gawar. Sannan ya ce, "Akanni, kana zaton amalar gidanka ce ke kawo ni duk Lahadi? Gishiri ma ba ya isar miyar. Muryar nan nake zuwa ji. In dusa ce ta yi wannan aiki duk shekarun nan, ai ta fi madaci ƙoƙari." Hawaye suka zubo min, na miƙa masa hannu. Ya riƙe gam, ya ƙara da cewa, "Ka ga kuwa maganata ta fito. Kunne ke..." Na sanar da shi cewa lokacin ta'aziyya ya ƙare.

Marigayiyar ta bar abokiyar tagwaitakarta Abeke, wadda yanzu take rera rabin kowace waƙa, domin kalangun a hagu yake. Ta bar amfilifaya guda mai fama da zafin jiki, da faya-fayan waƙa kwali uku, da rabin gwangwanin mai, da wani fili mai kusurwa huɗu a kan dardumar falo wanda rana ba ta taɓa gani ba, wanda Iya Gbemi ta riga ta auna da faɗin firji. Iyali ba su amince a yi wa Abeke kowane irin bincike ba. Gbolahan, da aka kama yana sosa bayanta da farce, an dakatar da shi daga falo.

Za a ajiye gawar ranar Asabar da safe domin ban kwana, ɓangaren da bai saɓule ba yana fuskantar ƙofa. A duba da ido, kada a taɓa. Anko ruwan ƙasa ne mai duhu. Za a binne ta bayan gida a gindin lemo, bayan an yi watsi da shawarar hura wutar girki da ita. Daga nan sai cin abinci, a cikin gida, ƙarƙashin rufin kwano.

Da yake Abeke na zaman makoki, Lasisi ne zai kawo sauti. An yarje masa bisa sharaɗin a lulluɓe robobin da zanen gado. Jama'a na iya rawa gwargwadon juyayi. Amma duk wanda aka ji ya ce, "Kai, ashe suna da daɗi," to ya ci amalarsa gaya, nama ba zai biyo ta gabansa ba.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Sanarwa: Akanni Fadeyi, mai gida kuma mai shafa mai.