Ranar da Na Ɗauke wa Argungu Wuta da Yatsa Ɗaya

Ko me zan manta a aikin nan, ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka fara tura ni tashar wutar lantarki ta Argungu ni kaɗai ba. Shekara biyu ina bin oga a baya kamar 'yar rakiya, sai ran nan ya ce in na yi gwajin nan lafiya, ni ma zan fara sa hannu a takardar aiki. Tun daga Birnin Kebbi har muka wuce Ambursa murmushi nake wa gonakin shinkafa (direba sai satar kallona yake).

Bari in yi muku bayani a gurguje. Bireka babban makunni ne da ke katse layi idan matsala ta faru, amma wani lokaci yakan maƙale ya ƙi buɗewa. Shi ya sa ake sa masa na'ura mai gadi: ta jira ƙiftawar ido, in bai buɗe ba, ta kashe duk makunnan da ke maƙwabtaka da shi, kar taransifoma ta ƙone. Ita aka aike ni gwadawa. Kafin gwaji kuwa dole a cire 'yan mahaɗan da ke kai umarninta ga sauran makunnai, in ba haka ba abin ya zama gaske.

Na buɗe zanen wayoyin tashar a kwamfuta. Ya nuna mahaɗi huɗu, na cire huɗu. Baba Sahabi, dattijon da ke kula da tashar, ya leƙo ta kafaɗata.

"Ɗiyata, wanga zane ya girme wani aiki da anka yi nan. Ki bi wayoyin da hannunki."

Na ce masa, da irin ladabin nan mai ɗauke da raini, ai zane ba ya ƙarya. (Ni da digirina zan shiga bayan allon wayoyi in kwashi yanar gizo-gizo?) Ya ce to, ya koma kan bencinsa. Ma'aikata sun taru a bayana, har na juya na ce su kwantar da hankali, ko fanka ba za ta tsaya ba. Na danna.

Gum! Daga fili ƙarar ta zo. Babban makunnin da wuta ke shigowa gari ta cikinsa ne ya faɗi. Fankar da na yi wa alkawari ta dinga rage gudu a hankali, kowa ya ɗaga kai yana kallonta, ba mai kallona. Wallahi da sun zage ni ya fi min sauƙi. Sai wayar tasha ta fara ruri: masu injin casar shinkafa, masu ƙanƙara, daga ƙarshe oga.

Da aka maido da wuta, oga ya ce in tattara kayana in dawo. Kunya kamar ta kashe ni, amma na ce masa laifin nawa ne, ya ba ni zuwa la'asar, ba zan bar tashar nan da aikin a haka ba. Na ɗaure mayafi a ƙugu na shige bayan allon, Baba Sahabi na haska min tocila, ko "ai na faɗa miki" bai ce ba. Waya bayan waya nake bi, har na ci karo da mahaɗi na biyar can ƙasa, wanda aka ƙara lokacin da aka canja babban makunnin. Na cire shi, na sake gwaji. Komai ya tsaya yadda yake. Na gyara zanen da jan biro.

Washegari oga ya tura min takarda kan tebur.

"Sa hannu a aiki sai bayan wata shida. Amma rahoton ɓarnar jiya, wannan kam ke za ki sa wa hannu."

Haka sa hannuna na farko ya shiga fayil, ga shi nan baro-baro har gobe. Tun daga ranar, in dattijon tasha ya yi ko da gyaran murya ne, rufe kwamfuta nake in ce, "Na'am, Baba?"