Mun Yi Watanda da Na'urorinku

Laraba. Aikin farko: a gwada ko na'urar Kona za ta ba da jerin sunaye. Ba ta ba da ba.

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta, Kamfanin Zumunta Numerik, uban na'urori, wanda ba mu taɓa gani ba amma alherinsa ya iso mu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da injiniyoyinka, ina neman gafara kan layin da ke sama. A littafin aikina na fara wasiƙar, kuma ba na son yage shafi.

Ni ne sakataren ƙungiyar manoma da makiyaya ta garuruwa uku: Kona, Kanan-Bakashe da Mairairai. Bara kuka ba mu na'urori uku su riƙe sunayen gidaje ɗari shida da sha biyu masu karɓar irin gero da wake. Injiniyarku, Madam Khairat, ta yi mana bayani a allo: an ɗaure aikin ƙulli-ƙulli, na'urorin suna raba ƙullin tsakaninsu, in ɗaya ta faɗi sauran su ɗauki kayanta. Na rubuta duka, na ja layi. To ran Asabar za a raba irin bana, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sunayen kuwa suna cikin cikinsu. Ga kukana, bi da bi.

Na ɗaya. Don me kuka ba mu zaɓi? Takardarku ta zo da gida uku: ko a yi hayar na'ura a ƙasar waje, ko a tara ukun a ɗaki ɗaya a Tasawa inda wuta da rezon waya suke, ko a rarraba su wuri uku "in hanyar sadarwa tana da kyau". Ranka ya daɗe, wa aka taɓa tambaya ko hanyar garinsu tana da kyau ya ce a'a? Madam Khairat ta ba da shawarar Tasawa har sau biyu, ni shaida ne. Amma mu komai watanda muke yi. In an yanka sa, kashi uku. Buhunan taki, kashi uku. Kujerun roba goma da aka taɓa ba mu, ta goman har yau yawo take wata-wata. Shugabanmu, Malam Ishaƙu na Kona, wanda kuma surukina ne, ya dubi takardar ya ce, "Almustapha, na'ura uku, gari uku. Allah ma ya gama rabo. Me kake jira? Sa hannu." Na sa. Ran Litinin na ga laifina ne, ran Talata na ga naku ne, yau ina tsaka.

Na biyu. Ashe na'urorin nan ƴan taro ne. Ba sa motsi sai biyu cikin uku sun ji juna sun amince. Na duba littafina, an faɗa mana, yana shafi na tara, sai dai ban ja masa layi ba. Mu mutane, in biyu ba su zo taro ba, wanda ya zo ya yanke, daga baya a yi rigima. Ta Kona lafiyarta lau, fitilarta kore shar, sunaye duk ta haddace, amma ta rantse ba za ta buɗe baki ita kaɗai ba. Wannan ladabi a wace lakwal, wace makarantar boko, kuka koya mata? Muna da dattawan da za mu kai.

Na uku. Takardarku ta tambayi ƙarfin batir da girman pano mai ɗaukar hasken rana, ba ta tambayi halin mai masauki ba. A Kanan-Bakashe, Hamida shugabar mata ce ke riƙe da na'urar. Don girmamawa ta ɗinka mata riga mai surfani, ta rufe ta ruf har ramukan shan iska. Da safe na'urar tana farke, rezo bai zo ba. Rana na takewa rezo ya zo, ita kuwa ta suma da zafi. Da na roƙi a cire rigar, Hamida ta ce, "Sakatare, ta Kona tsirara take zaune? To su ta shafa. Mu ba za a ce ba mu san darajar baƙuwa ba." Me zan ce wa mai gaskiya irin wannan?

Na huɗu, kuma shi ya fi nauyi. A Mairairai mun ba Lamine makulli saboda ba wanda ya kai shi amana. Da shuka ta matso, ya yi abin da makiyaya ke yi kowace shekara: ya kashe na'urar don kada ta gaji, ya kulle ɗaki, ya rataya makulli a wuya, ya yi arewa da shanu. Na same shi ta waya da ƙyar. Ya ce, "Amana aka ba ni, Malam. Ba mai taɓa ta sai kaka." Za ku ce a ɓalle ƙofa. Manomi ya ɓalle ƙofar makiyayi a bakin damina? Ranka ya daɗe, shekaru muka ɗauka kafin mu zauna tabarma ɗaya.

Ban zo neman sabuwar na'ura ba. Maganin na san shi: a ɗauko ta Kona da ta Kanan, a ajiye su tebur ɗaya a Tasawa, su ga juna su amince, a raba iri. Matsalar ita ce wa zai gaya wa Malam Ishaƙu kasonsa zai bar gari. Duk baƙon da ya sauka Kona, kafin a ba shi ruwa sai an kai shi ya ga fitilar. Ni kuwa ɗiyarsa nake aure.

Don haka roƙona ɗaya ne. Ku aiko da takarda kafin Juma'a, da Faransanci mai tauri da hatimi babba, ku ce umurni ne daga sama, ba shawara ba. In kun ga dama ku tsawata mini a ciki, zai ƙara mata kwarjini. Ku ɗauki laifin nan, don Allah. Kun fi ni ƙarfi, kun kuma fi ni nisa da Kona.

Allah ya ƙara girma, ya raba ka da sa hannu a gaban suruki.

Naka mai biyayya har ƙasa,
Almustapha Danda,
Sakatare, Tasawa.

Gobe Alhamis:
– Neman kwali biyu da bargo, da mai moto, ɗan babur wanda ba ya gudu.
– Ci gaba da rubuta sunayen da na tuna da ka. Na kai ɗari da arba'in, ina shakkar sha ɗaya.
– Kanan-Bakashe: lallashin Hamida.
– Kona, gidan Baba Ishaƙu. In takardarku ba ta zo ba, in faɗa masa da bakina. Sai ya ci abinci tukuna.