Kofin Da Bai Zo Gida Ba

"Sannu da zuwa, amarya. Ina kofin?"

Ko takalmi ba ta cire ba tsohon ya tare ta. Jikarsa ce, ta dawo daga gasar harhaɗa kalmomi idonta jawur. An doke ta yau, in aka sake doke ta gobe ta fita ke nan.

"Kofi yana hannun masu kakannin kirki," ta ce, ta wurga jakarta kan kujera.

"Au! Ni da na wanke baki zan sha shayi a ciki? Saki ɗaya!"

"Cika uku, tsoho mai ran ƙarfe. Wa zai zauna da miji mai haƙori biyu?"

"Girkinki ne ya zubar da sauran."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Wata 'yar banzar kalma ce ta cuce ta. Kamanninta sak kalmar aikatau, ita kuwa ta ɗora mata wutsiyar haruffa a ƙarshe yadda ake yi wa aikatau. Abokin karawarta ya ce a duba. Alƙali ya buɗe ƙamus, ashe sunan tsuntsu ne, wutsiyar ba ta hau ba. Aka kwashe haruffanta, maki ya bi ruwa.

"Kuma a ɗakin nan na buga ta rannan! Kai ka riƙe ƙamus, ka ce akwai!"

"Na ce akwai."

"To?"

"Ke, tun da tabarauna ya fashe, me nake gani a littafin nan ban da tururuwa? Fuskarki nake dubawa. In kin washe baki, in ce akwai."

Ta yi sororo. Wato duk watannin nan haka ake yi! Haushi ya kama ta, tausayi ya danne shi.

"Kaka, ka kashe ni da so!"

"Kai ƙara."

Ya jawo akwatinsa, ya zaro tabarau na mata, na marigayiya kakarta, wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Ya jima yana gogewa kafin ya maƙala shi a hanci.

"Shimfiɗa allon wasan."

Ta jera kalmar farko.

"Babu!"

"Ko buɗewa ba ka yi ba!"

"Gwaji nake." Ya lashi yatsa, ya bi shafin layi-layi har ya tsaya. "Akwai. Wannan karon da idona. Na mayar da ke, amarya. Buga wata."